MARIGAYI MALAM AMINU KANO DA AMANAR LAFIYAR TALAKA

Duk wanda ya taɓa ɗauko marar lafiya daga Doguwa ko Tudun Wada, ya biyo ta Kwanar Ɗangora ya hau babbar hanyar Zariya zuwa Kano, ya san inda tafiyar takan ƙare idan ciwo ya fi ƙarfin asibitocin karkara. Takan ƙare ne ko dai a Asibitin Murtala da ke cikin birni, ko kuwa a babban asibitin koyarwa da ke bakin hanyar tun kafin a shiga tsakiyar gari, wanda jama'a ke kira Asibitin Malam. Malamin da ake nufi shi ne marigayi Malam Aminu Kano. Ba likita ba ne, malamin makaranta ne kuma ɗan siyasa, amma ya riƙe Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya daga 1971 zuwa 1974, kuma ya ƙare rayuwarsa a kan magana guda, watau cewa kuɗin da hukuma ke kashewa na talaka ne, saboda haka wajibi ne ta faɗa masa inda suka shiga.

ASALI DA ƘURUCIYA

An haifi Malam Aminu ran 9 ga watan Agusta, 1920, a unguwar Sudawa cikin birnin Kano. Mahaifinsa, Malam Yusufu, Bafillace ne na zuriyar Gyanawa, waɗanda aka sani da ilmin shari'a, kuma ya yi aikin mufti a kotun alƙali. Mahaifiyarsa Rakiya ita ma 'yar gidan malamai ce, a hannunta ya fara karatun allo.

A zamanin nan haihuwa da goyo abubuwa ne masu haɗari ƙwarai a ƙasar Hausa. Agana da ƙyanda da sanƙarau da zazzaɓi suna ɗibar yara kowace shekara, asibitin En'e na birni kuwa a cikin shekarun 1920 ɗin nan aka fara shi. Gidan Malam Yusufu bai tsira daga wannan ba, domin yawancin 'ya'yan da Rakiya ta haifa tun suna ƙanana suka koma, ita kanta kuma ta rasu a 1926, sa'ad da Aminu ke da shekara shida. Daga nan riƙonsa ya koma hannun kakarsa ta wajen uwa.

Ya shiga makarantar elemantare ta Shahuci, ya wuce Midil ta Kano, sa'an nan a 1937 ya sami shiga Kwalejin Kaduna, wadda ita ce Kwalejin Katsina ta dā, kuma Kwalejin Barewa ta yau. Ya fito da takardar shaidar malanta a 1942, aka tura shi koyarwa Midil ta Bauci.

TAMBAYAR DA TA RUFE MAJALISA

A Bauci ya yi aiki tare da Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa, a can kuma ya shaƙu da mutumin da ya fi kowa tasiri a tunaninsa, watau Malam Sa'adu Zungur. Shi Malam Sa'adu ma'aikacin lafiya ne tun asali. Ya yi karatu a Babbar Kwalejin Yaba, ya zauna a Makarantar Tsabta ta Kano, ya kuma koyar a Makarantar Harhaɗa Magunguna ta Zariya, kafin ciwon huhu ya komo da shi gida. Wannan ciwo bai rabu da shi ba har ya zama ajalinsa a 1958.

A 1943 aka kafa wata majalisar tattaunawa a Bauci, inda ma'aikatan En'e da malaman makaranta da Turawan mulki kan zauna su yi muhawara a kan al'amuran yau da kullum. Malam Aminu ne sakatarenta. A wani zama ya nemi a bayyana wa mahalarta ƙa'idar da ake bi wajen yanka wa sarki albashi. A yau ɗalibi na iya ganin wannan tambaya ba wani abu ba ce, amma a wancan zamani baitulmalin En'e abu ne da talaka ke zuba wa kuɗi ba tare da ya san ƙofarsa ba. Ba a daɗe ba hukuma ta rufe majalisar. Su Malam Sa'adu da Malam Aminu suka kafa wata ƙungiyar tasu ta neman ci gaban Bauci, wadda masana tarihi ke lissafawa cikin ƙungiyoyin siyasa na farko a Arewa.

A 1946 ya sami tafiya Ingila ƙaro ilmi a sashen horon malamai na Jami'ar Landan. Ya isa ƙasar a shekarar da majalisarta, ƙarƙashin gwamnatin Jam'iyyar Leba, ta zartar da dokar da ta ɗora wa gwamnati nauyin jiyyar kowane ɗan ƙasa daga kuɗin haraji, tsarin da ya fara aiki a watan Yuli na 1948. Ya yi cuɗanya da 'yan siyasar wannan jam'iyya da ɗalibai daga sauran ƙasashen da Ingila ke mulka. Da ya komo gida ya jagoranci kafa Ƙungiyar Malaman Makaranta ta Arewa a 1948, sa'an nan aka mai da shi Kwalejin Horon Malamai ta Maru a Lardin Sakkwato. A ƙarshen 1950 ya ajiye aikin gwamnati, ya koma Kano ya shiga siyasa gaba ɗaya.

ZAMANIN NEMAN SAWABA

Ran 8 ga watan Agusta, 1950, waɗansu samari takwas, cikinsu har da Abba Maikwaru da Bello Ijumu da Magaji Ɗambatta da Mudi Sipikin, suka kafa jam'iyyar NEPU a Kano. Malam Aminu yana Maru a lokacin, amma da shawararsa aka yi, kuma a 1953 ya zama shugabanta.

Domin a gane abin da NEPU ta yi faɗa a kansa, sai an tuna yadda kuɗi ke tafiya a gundumomi irin su Kiru da Bebeji da Tudun Wada. Mai unguwa ya tara haraji ya kai wa dagaci, dagaci ya kai wa hakimi, hakimi ya aika birni. Bafillace ya biya jangali a kan kowace saniya. Daga cikin abin da aka tara gwamnati ta ɗauki kasonta, sauran ya zauna a baitulmalin En'e, daga nan ake biyan albashi, ake gina makaranta da rijiya da ɗakin shan magani. Manomin da ya sayar da gyaɗarsa ya biya haraji ba shi da wakilin da zai tambaya masa dalilin da ya sa garinsu ba ungozoma, ko dalilin da ya sa ɗakin shan maganin gunduma ya wayi gari ba magani. In ya ɗaga murya kuwa, 'yan doka da kotu da gidan yari duk a hannun En'e suke.

Abin da Malam Aminu ya yi ta koya wa mutane a kasuwanni da dandali shi ne su daina ɗaukar aikin hukuma kamar kyauta. Ya kafa hujjarsa da Alƙur'ani da Hadisi da littattafan shugabannin jihadin Sakkwato, waɗanda suka yi bayani a kan baitulmali da haƙƙin talakawa a wuyan mai mulki. Wannan koyarwa ta jawo wa magoya bayansa ɗauri da bulala da asarar gonaki. Mata irin su Hajiya Gambo Sawaba sun sha shiga kurkuku saboda ita, domin jam'iyyar ta nace a kan a ba matan Arewa ilmi da ƙuri'a, abin da bai tabbata ba sai a cikin shekarun 1970.

A zaɓen 1959 ya ci kujerar Kano ta Gabas a Majalisar Wakilai ta Tarayya da ke Ikko, ya kuma shiga cikin wakilan Nijeriya a Majalisar Ɗinkin Duniya. Yana wannan kujera ne Gwamnatin Jihar Arewa ta naɗa wani Bature, D. J. M. Muffett, a 1962, ya binciki kuɗin En'e ta Kano. Binciken ya nuna baitulmalin ya shiga mawuyacin hali, kuma a 1963 Sarkin Kano Alhaji Muhammadu Sanusi ya yi murabus. Ko da yake rikicin na cikin gidan NPC ne, ya nuna cewa tambayar da aka hana yi a Bauci shekara ashirin baya ba ta banza ba ce. Malam Aminu ya rasa kujerarsa a zaɓen 1964.

A MA'AIKATAR LAFIYA

Bayan juyin mulkin 1966 aka rushe jam'iyyu. Malam Aminu yana cikin waɗanda suka goyi bayan a rarraba ƙasa jiha-jiha, kuma ran 27 ga watan Mayu, 1967, aka ƙirƙiro jihohi goma sha biyu, har da Jihar Kano, wadda Alhaji Audu Baƙo ya zama gwamnanta na farko. A wannan shekara Janar Yakubu Gowon ya ɗauki farar hula cikin majalisarsa, ya naɗa Malam Aminu Kwamishinan Sadarwa. Ya yi wannan aiki duk tsawon yaƙin basasa, yana kuma cikin tawagar gwamnati a zaman neman sulhu na Kampala a 1968. A 1971 aka mai da shi Ma'aikatar Lafiya.

Ya karɓi ma'aikatar a shekara mai wuya. A gefe guda akwai abin farin ciki, domin gagarumin aikin lamba da aka fara a 1967 ya kai ga kawar da agana, har ya zamana tun 1970 ba a sake ganin mai ita a Nijeriya ba. A ɗaya gefen kuwa, annobar kwalara ta shigo ƙasar a ƙarshen 1970 ta bakin teku, ta bazu har Arewa. Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna mutum 22,931 suka kamu a 1971, kuma 2,945 suka mutu. Ga asibitocin Gabas da yaƙi ya lalata suna jiran gyara, ga kuma farin da ya afka wa Arewa daga 1972 zuwa 1974, wanda ya kawo yunwa da cututtukan da ke biye da ita.

Waɗannan abubuwa biyu, agana da kwalara, darasi ne a kan aikin hukuma. An ci nasarar agana ne domin an ware kuɗi, an ba kowace ƙungiyar masu lamba mota da kayan aiki, kuma ana bin kowane rahoto har ƙauyen da ya fito. Kwalara kuwa ta sami wurin zama ne a inda ba ruwa mai tsabta, ba magudana, ba ruwan ƙari a asibiti. Ba ƙarancin ilmin likita ne ya kashe mutanen ba, ƙarancin tanadi ne.

Ya kamata kuma mai karatu ya san iyakar ikon wannan kujera. A tsarin Nijeriya, Gwamnatin Tarayya ita ke kula da dokokin magunguna, da rajistar likitoci, da hana shigowar annoba ta iyakoki, da hulɗa da ƙungiyoyin duniya, da tallafa wa asibitocin koyarwa. Manyan asibitoci na jihohi ne, ɗakunan shan magani na karkara kuwa na ƙananan hukumomi. Saboda haka kwamishina na Ikko ba shi ke aika magani Tudun Wada ba. A 1974, shekarar da ya bar ma'aikatar, aka kafa Dokar Abinci da Magunguna, wadda ta haramta sayar da gurɓataccen magani da yi wa jama'a ƙarya a kan abin da magani ke warkarwa. Hukumar NAFDAC da aka kafa a 1993 a kan irin wannan harsashi ta tashi.

Amma tarihi ba yabo kaɗai ba ne. Shekarun da ya yi a ma'aikatar sun dace da hauhawar kuɗin man fetur, musamman daga ƙarshen 1973, duk da haka kaso mafi tsoka na kuɗin lafiya ya ci gaba da tafiya manyan asibitocin birane, alhali mafi yawan jama'a a karkara suke. A daidai lokacin aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a ƙasar Bebeji, a 1974, wadda ta kawo noman rani da arziki, amma ruwan kwance ya zo da sauro da tsargiya ga garuruwan da ke bakinsa. Shirin kai ƙananan asibitoci karkara bai shiga tsarin raya ƙasa sosai ba sai a shiri na uku, na 1975 zuwa 1980, bayan ya sauka, kuma ko shi ɗin bai kai inda aka nufa ba. Akwai kuma tsofaffin 'yan NEPU da suka ga bai kamata mai faɗa da zalunci ya zauna a majalisar soja ba. 

KOMAWA SIYASA DA RASUWA

Ya shiga majalisar tsara tsarin mulki ta 1977, sa'an nan a 1978 ya jagoranci kafa jam'iyyar PRP. A zaɓen shugaban ƙasa na 1979 ya zo na huɗu da ƙuri'a fiye da miliyan ɗaya da dubu ɗari bakwai, jam'iyyarsa kuma ta ci gwamna a Kano da Kaduna, watau Alhaji Muhammadu Abubakar Rimi da Alhaji Abdulƙadir Balarabe Musa. Gwamnonin nan biyu suka soke haraji da jangali, abin da NEPU ta nema tun shekara talatin baya. Ba a daɗe ba jam'iyyar ta rabu gida biyu, 'yan santsi da 'yan taɓo, rabuwar da ta ci masa rai a ƙarshen rayuwarsa.

Ran Lahadi 17 ga watan Afrilu, 1983, Allah ya yi masa rasuwa a gidansa da ke Gwammaja, yana da shekara sittin da biyu, ana shirin zaɓen da zai sake tsayawa takara. A gidan aka binne shi. Bai bar wata dukiya ta a zo a gani ba. Gidan, wanda ake kira Mambayya, ya zama cibiyar nazarin dimokuraɗiyya ƙarƙashin Jami'ar Bayero, aka kuma sa wa filin jirgin saman Kano sunansa.

Wata takwas bayan rasuwarsa soja suka hamɓare gwamnatin farar hula, ran 31 ga watan Disamba, 1983. Cikin hujjojin da suka kafa har da cewa asibitocin gwamnati sun koma wuraren ganin likita kurum, ba magani ba kayan aiki. Faɗuwar farashin mai da matakan tsuke bakin aljihu na 1982, da tsarin gyaran tattalin arziki na 1986, suka sa rubuta wa majinyaci takarda ya je ya sayo magani da safar hannu da zaren ɗinki ya zama ruwan dare.

ABIN DA YA BIYO BAYA

A 1988 aka kafa asibitin koyarwa na Kano mai ɗauke da sunansa, wanda ya fara aiki a harabar Asibitin Murtala kafin ya koma mazauninsa na hanyar Zariya. Shekara takwas bayan haka aka yi abin da ya nuna dalilin da ya sa ba a barin aikin asibiti ba mai sa ido. A 1996 annobar sanƙarau ta kashe mutum fiye da dubu goma a Nijeriya. Ana tsakiyar annobar kamfanin Pfizer na Amurka ya gwada wani sabon magani mai suna Trovan a Asibitin Zana na Kano. Yara wajen ɗari biyu aka sa cikin gwajin, goma sha ɗaya suka rasu, waɗansu suka nakasa. Kamfanin ya tsaya a kan cewa cutar ce ta kashe su, kuma da izini ya yi aikinsa. Amma daga baya ta bayyana cewa takardar amincewar kwamitin ɗa'a da aka nuna, mai ɗauke da sunan asibitin koyarwar nan, bayan an gama gwajin aka rubuta ta, aka sa mata kwanan watan baya. Kwamitin bincike na Gwamnatin Tarayya ya miƙa rahotonsa a 2001, amma jama'a ba su san abin da ke ciki ba sai a 2006, da wata jaridar Amurka ta buga shi. Gwamnatin Jihar Kano ta kai ƙara a 2007, aka sasanta a 2009 a kan dala miliyan 75. Kafin nan, rashin yardar da abin ya haifar yana cikin dalilan da suka sa aka dakatar da rigakafin shan-inna a jihar daga 2003 zuwa 2004, cutar ta sake bazuwa zuwa waɗansu ƙasashe.

A yau dokokin da talaka zai kafa hujja da su sun fi na zamanin NEPU yawa. A watan Afrilu na 2001 shugabannin Afirka suka yi alkawari a Abuja cewa kowace ƙasa za ta ware wa lafiya kashi 15 cikin ɗari na kasafinta, alkawarin da kasafin Gwamnatin Tarayya ya daɗe yana gaza cikawa. Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba ɗan ƙasa damar neman takardun kashe kuɗi daga ma'aikatun Tarayya. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta haramta wa kowane asibiti korar wanda ke bukatar taimakon gaggawa, ta kuma kafa asusu na musamman domin ƙananan asibitoci, wanda ba zai gaza kashi ɗaya cikin ɗari na kuɗin shigar Tarayya ba. Akwai kuma Majalisar Likitoci ta Ƙasa, mai ikon hukunta likitan da ya yi sakaci, har ta soke lasisinsa.

Sai dai doka ba ta kai kanta ɗakin haihuwa. Kuɗin da aka rubuta a kasafi daban, wanda aka saki daban, wanda ya isa ɗakin ajiyar magani a Kiru ko Doguwa kuma daban. Tsakanin waɗannan matakai uku akwai akawu da ma'aji da mai binciken kuɗi da babban sakatare, kuma sa hannun kowannensu na iya zama dalilin samun jini da wutar lantarki a ɗakin tiyata, ko rashinsu. Malam Aminu ma'aikacin gwamnati ne mai shekara ashirin da 'yan kai sa'ad da ya yi tambayarsa a Bauci, kuma bai jira sai ya zama kwamishina ba. Ma'aikaci da ɗalibin da ke son girmama shi ba su rasa inda za su fara ba: su san abin da aka ware wa asibitin garinsu, su bi sawun abin da ya iso, in an yi sakaci da ran majinyaci kuma su tsaya sai an bincika an faɗa wa iyalinsa gaskiya.

Allah ya jiƙan Malam Aminu Kano, ya gafarta masa, ya sa Aljanna ce makomarsa, amin.